Kafin ki biya kuɗin keken jariri

Duk sanda wata ta shiga watan haihuwa a dangi ko cikin ƙawaye, na san akwai hoton da zai shigo wayata. Ɗan ƙaramin keken jariri ne, a gefe guda a buɗe, a ɗaya gefen an ninke shi wata baturiya ta rataya a kafaɗa tana murmushi. A ƙasa sai a rubuto: "Anti, wannan ya yi? Mai shagon ta ce har cikin jirgi ana shiga da shi." Tambayar ta yi yawa har na ga gara in zauna in rubuta amsar a wuri guda, wadda ta ga da amfani ta tura wa wata.

Ba ni da ƙorafi a kan ƙaramin keke. Wadda ta taɓa kokawar cusa ƙaton keke a but ɗin mota, ko ta hau bene da shi ga jariri ga jaka, ba ta buƙatar a yi mata wa'azi a kan amfanin mara nauyi. Abin da ke damuna shi ne, ƙanƙantar keken sauƙi ce da aka yi wa uwa da uba, kuma sau da yawa jaririn ne ke biyan kuɗin wannan sauƙin ba tare da kowa ya lura ba. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa mai sayarwa, kafin launi, kafin farashi, ita ce: mazaunin nan yana kwantawa ya miƙe gaba ɗaya? Kada ki yarda da "ai yana kishingiɗa". Ki sa a kwantar da shi a gabanki ki gani da idonki.

Dalilin na jiki ne. Jariri sabon haihuwa kansa ya yi wa jikinsa nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan aka ɗora shi a mazaunin da ya ɗan tashi, a hankali jikin yana zamewa, kan ya rinjayo gaba, haɓa ta kwanta a ƙirji. Hanyar numfashinsa siririya ce kuma mai taushi, wannan lanƙwasar kaɗai tana iya matse ta. Abin tsoron shi ne ba lalle ya yi kuka ba. Ke kina bayansa kina tura keke, kina jin shiru, kina cewa Alhamdulillahi ya samu barci. Wannan ne ya sa masu kula da lafiyar yara suke cewa jariri ya kasance a kwance a miƙe a cikin keke har ya kai wajen wata 6, lokacin da yake iya riƙe kansa ya zauna. Likitocin yara na Amurka ma suna ba da shawarar cewa idan barci ya ɗauke jariri a keke ko a kujerar mota, a mayar da shi shimfiɗa mai tauri, miƙaƙƙiya, da zarar an samu hali. Ita ma kujerar motar da ake ɗorawa a kan ƙarfen keke, wadda ake tallarta a matsayin mafita ga sabon jariri, an yi ta ne don tafiyar mota. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa 2 a cikinta a zama ɗaya.

To, mafi yawan kekunan nan da suke ninkuwa su zama mitsitsi, sun samu ƙanƙantar ne ta hanyar rage abubuwa, kuma abin da ake fara ragewa shi ne kwanciyar mazauni. Akwai wanda ake kira gb Pockit, wanda ya shiga littafin Guinness a 2014 a matsayin keken da ya fi kowanne ƙanƙanta idan an ninke shi. Nauyinsa bai kai kilo 5 ba. Kyakkyawan aiki ne, amma kamfanin da kansa ya rubuta cewa daga wata 6 ake fara amfani da shi. YOYO, wanda kamfanin Babyzen na Faransa ya fito da shi a 2012, kuma wanda yawancin hotunan da ake turo min nasa ne ko kwaikwayonsa, mazauninsa na yau da kullum shi ma na ɗan wata 6 ne. Idan sabon jariri za a sa, akwai shimfiɗa ta daban da ake saya a ɗora masa. Masu kwaikwayo sukan kwafi siffar su bar wannan bayanin, mai shago kuma sau da yawa ita ma abin da aka gaya mata take maimaitawa. Ki nemi takardar da ke cikin kwalin, ko rubutun da ke manne a jikin ƙarfen, ki karanta watannin da nauyin da aka ƙayyade.

Yana da kyau a san don wace irin hanya aka ƙera waɗannan kekuna tun farko. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila, Owen Maclaren, shi ya ƙirƙiro keke mai ninkuwa kamar lema a 1965, bayan ya ga wahalar da 'yarsa take sha da ƙaton keken jikarsa a wajen tafiya. Ya yi shi da ƙarfe mara nauyi, kimanin kilo 3. Tun daga nan har yau, masu ƙera ƙananan kekuna filin jirgi suke hangowa, da gefen titi mai santsi da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, da motar haya da mai keke zai tura ya shiga kai tsaye. 'Yan uwanmu da ke zaune a Landan ko Manchester ba su da zaɓi, keke a wurinsu ƙafa ne, da shi ake zuwa asibiti da kanti da makarantar manyan yara. Su kam su auna faɗin ƙofar gidansu da matattakalar benensu, su sayi mai kwanciya, shi ke nan.

Mu da ke Kano ko Kaduna ko Maraɗi, sai mu tambayi kanmu gaskiya: daga ƙofar gidana zuwa ina zan tura shi? Layinmu yashi ne, da damina kuma taɓo. Inda aka yi kwalta, gefen titin ko dai lambatu ne a buɗe, ko masu kaya sun baje, ko an jera motoci. Ƙaramar taya ta roba mai tauri ba ta tafiya a yashi, nutsewa take yi, kuma duk wata tsakuwa da rami da ta taka, girgizar kai tsaye take isa kan jaririn. Mai manyan tayoyi ya fi jure irin hanyarmu, amma shi kuma ba ya ninkuwa ya yi ƙanƙanta. Ba a samun duka biyun a keke guda, duk abin da mai talla zai faɗa. Wadda yawancin fitarta a Adaidaita Sahu ce, ta tuna cewa za ta ninke keken a bakin titi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da jariri, direba yana mata hon. Wadda ke da mota a gida, ta ɗauki abin awo ta auna but ɗin kafin ta tafi kasuwa. Wadda ke zaune a rukunin gidaje a Abuja mai shimfiɗaɗɗen titi, ko take yawan hawa jirgi, ita ce ƙaramin keke zai fi yi wa aiki. Ko ita ɗin, maganar "ana shiga jirgi da shi" ta ɗauke ta da taka-tsantsan. Ma'aunin jakar hannu da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA take nunawa shi ne santimita 56 da 45 da 25, amma kowane kamfani da dokarsa, ƙananan jirage kuma ma'ajiyarsu ta sama ba ta da girma. Ki tambayi kamfanin kafin ranar tafiya. Da yawa suna barin a tura keke har bakin jirgi sannan a karɓa a sa a cikin kaya, wanda ke nufin ba sai kin sayi mafi ƙanƙanta ba.

Akwai abin da nake gani a layin rigakafi da wuraren biki da yake tayar min da hankali fiye da komai. Uwa ta ga rana ta yi zafi, ko ƙurar hunturu ta taso, ko ba ta son idon mutane a kan jaririnta, sai ta ɗauki zani ko mayafi ta lulluɓe keken ruf. Niyyarta kariya ce, na sani. Amma iska ta daina shiga, zafi kuma ya taru a ciki. A 2014 jaridar Svenska Dagbladet ta ƙasar Suwidin ta gwada wannan: keken da aka bari a buɗe a waje zafin cikinsa digiri 22 ne, da aka rufe shi da siririn mayafi ya kai 34 cikin minti 30, bayan awa guda ya kai 37. Wannan a Suwidin ke nan. Mu da watan Afrilu zafin garinmu kan haura digiri 40 tun kafin a rufe komai, sai ki yi lissafin abin da jaririn yake ciki. Jikin jariri yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma idan an lulluɓe shi ba kya ganin fuskarsa balle ki gane halin da yake ciki. Don haka wajen zaɓe ki dubi rumfar keken sosai. Ta zama mai faɗi da za ta yi inuwa da kanta, da raga a baya ko a gefe inda iska ke ratsawa. Ƙananan kekuna da yawa rumfarsu 'yar leɓe ce kawai. Ki sayi gidan sauron da ya yi daidai da shi, sauro bai san keke mai tsada ba. Idan kuma kika samu wanda jaririn ke fuskantarki yana kwance, ya fi min kwanciyar hankali a watannin farko, kina tafiya kina kallon numfashinsa, kina yi masa magana.

Sauran gwajin a shago ake yinsa, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ki ninke shi da kanki, ki buɗe, ki sake ninkewa, kada ki tsaya kallon yaron shago da ya saba. Ki ɗaga shi ki ji nauyin a hannunki, kilo 6 zuwa 7 shi ne abin da yawancin ƙananan masu kyau suke yi. Ki taka birki ki tura ki ga ko ya riƙe. Ki duba bel ɗin, ya zama mai kama kafaɗu biyu da ƙugu biyu da tsakanin ƙafafu. Sannan ki rataya jakarki a mariƙin ki gani. Yawancin marasa nauyi nan take za su tashi ta baya, kuma haka za su yi da jariri a ciki. Jakar famfas da fida a kwandon ƙasa ake sa ta.

Sai maganar gwanjo. Ba na raina shi ko kaɗan. Keken kamfanin kirki da aka yi amfani da shi a Turai sau da yawa ya fi sabon da ba shi da suna ƙwari nesa ba kusa ba, kuma a halin da ake ciki na tsadar rayuwa ba kowa ne zai iya sabo ba. Sai dai a buɗe ido. Ki nemi tambarin EN 1888, ma'aunin Turai, ko ASTM F833 na Amurka, a jikin ƙarfen. Ki duba gaɓoɓin da yake ninkuwa ko akwai tsagewa ko ɗaurin waya, ki tabbata makullin da ke hana shi rufewa da kansa yana aiki, bel ɗin kuma bai ɓace ba. Ki rubuta sunan keken a intanet ki ga ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Wannan yana faruwa har da manyan kamfanoni: a 2009 an janye kekunan Maclaren kimanin miliyan ɗaya a Amurka, bayan rahotannin yaran da gaɓar ninkewar ta datse musu kan yatsa. Kayan da aka janye a can ba abin mamaki ba ne su biyo dilar gwanjo. Ko sabo ne ko tsoho, ki janye yara gefe lokacin buɗewa da rufewa. Shimfiɗar kuma a cire a wanke tas a shanya a rana.

Iyayenmu mata idan suka ga keken sukan ce, "Shi bayan naki me ya same shi?" Ina fahimtar su, kuma a kan hanyoyinmu suna da gaskiya mai yawa. Goyo yana bi ta lungu, yana tsallake kwata, yana hawa bene, jariri yana jin ɗumin uwarsa, hannuwanta biyu kuma a sake. Wadda ba ta da kuɗin keke kada ta ji a ranta cewa ta rage wa ɗanta wani abu. Amma ina roƙon iyayenmu su ma su duba ɗaya ɓangaren. Akwai wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, ɗaurin zani a kan ɗinkin azaba ne gare ta. Akwai mai ciwon baya, akwai mai tagwaye, akwai mai rarrafe da sabon jariri a lokaci guda. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: namiji a wurinmu ba ya goyo, amma yana tura keke. Na ga magidanta da yawa da keken ne ya ba su hanyar fita da jariri bayan la'asar, mai jego ta samu ta yi wanka ta runtsa. Ko don wannan kaɗai keken ya ci kuɗinsa a wasu gidajen.

Abin da ba na so shi ne a saya don a jera cikin kayan suna a ɗauki hoto, bayan sati biyu ya koma bayan ƙofa ana jibga masa wanki. Kuɗin da aka zuba masa da ya yi wa mai jego abinci mai gina jiki, ko ya sayi kujerar mota ga masu mota, wadda ta fi shi zama dole. Babu dokar da ta ce sai an saya kafin haihuwa. Kwana arba'in na farko yawancinmu ba ma zuwa ko'ina sai asibiti. Ki bari ki haihu lafiya, ki ga yadda fitarki take, sannan ki yanke shawara. Idan kin ga kina buƙatarsa tun jaririn yana ɗanye, ki sayi mai kwanciya a miƙe ko da ya ɗan fi girma da nauyi. Idan ɗan mitsitsin nan ne ya kwanta miki a rai, ki yi goyonki, ki jira wata 6.

Ku kuma iyaye maza, da gwaggwanni da ƙawaye masu son kawo shi a matsayin barka, don Allah ku kira mai cikin ku tambaye ta inda za ta tura shi kafin ku biya. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa.