Saura kaɗan sanyi ya hana ni ganin kyarkeci

Da ina taƙama na san sanyi saboda hunturun garinmu. Kwarin Lamar, a gandun dajin Yellowstone na Amurka, shi ya ƙaryata ni wata safiya a Janairu.

Tun asuba muke tsaye a bakin hanya, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Jagoranmu ya ce yanzu ne lokacin kallo: namun daji sun sauko daga duwatsu neman abinci, kyarketai na biye da su, kuma a farin fili ba wurin ɓuya.

Awa biyu ba abin da muka gani sai ɓauna. Yatsuna suka sandare, na yi zuciya na koma mota. Ina rufe ƙofa sai na ji wani dogon kuka daga nesa. Na fito a guje har na zame na sha ƙasa, ba wanda ya ko waiwayo.

Ta madubin hangen nesa na ƙirga biyar, ɗaya baƙi wuluk, suna tafe a jere. An taɓa ƙarar da su a dajin nan, sai a 1995 aka kawo wasu daga Kanada. Minti uku ba su cika ba suka shige cikin itatuwa.