Ashe Hasken Taga Ya Isa!

Na ɗauki hoton Gwaggo a cikin ɗakinta bayan la'asar, babu filasha, babu wutar lantarki, hoton kuma ya fito tas! Hasken taga kaɗai, wanda ya ratso ta labule ya sauka a gefen fuskarta. Zanen da ke kumatunta ya fito, ƙwayoyin carbinta sun fito ɗaya bayan ɗaya, jeren kwanonin da ke bayanta kuwa ya narke ya zama launi mai laushi. Na miƙa mata kyamarar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka sayi sabuwar na'ura?"

Na ce, "Gwaggo, ita ce dai wadda kika sani."

Ita ce kuwa. Canon 600D ce, ƙirar 2011, na hannu na saye ta. Abin da ya canja shi ne gilashin da ke gabanta. Wani dattijo mai hoto a unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim, shi ya ciro wani ɗan guntun gilashi daga jakarsa ya ce in cire nawa in ɗaura wannan in je in dawo. An rubuta 50mm da 1.8 a bakinsa. Na murɗa shi ina neman zum, babu. Ba ya jawo abu kusa, ba ya tura shi nesa. In kana son kusa, ka taka da ƙafarka. Ya ce, "Je ka dai, yaro, gani ya kori ji."

Tun daga ranar nake bin diddigin abin da na gani, kuma lissafin da ke ƙarƙashinsa ya fi hoton ba ni mamaki.

Yawancinmu da gilashi ɗaya muka fara, wanda ake haɗo shi da kyamara a kwali: 18-55mm, f/3.5-5.6. Wannan lamba ta f tana faɗin girman ƙofar da haske ke shiga ta ciki, kuma idan lambar ta yi ƙasa, ƙofar ta fi faɗi. Lissafinta raba tsawon gilashin ne da lambar. Idan ka ja zum ɗinka zuwa 55mm, iyakar buɗewarsa f/5.6, wato ƙofa mai faɗin milimita 10 ko kusa da haka. Shi kuwa 50mm a f/1.8, ƙofarsa ta kusa milimita 28. Da yake fili ake aunawa ba faɗi kaɗai ba, filin ƙofar ya ninka wajen sau takwas, kuma da yake gilashin ya ɗan fi gajarta, hasken da ke sauka a kan hoton ya kusa ninki goma. Ninki goma! Bambancin ƙaramar tagar ɗakin ƙasa ne da ƙofar zaure a buɗe.

Ga abin da hakan ke nufi a hannu. A ɗakin da tsohon gilashina ke tilasta wa kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa, inda ko numfashi ka ja hoto ya girgiza, wannan yana ɗauka a kashi ɗaya cikin 100. Ko kuma ka sauke ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, daga 3200 zuwa 400, tsaki-tsakin nan da ke ɓata baƙar fata a cikin duhu ya ɓace. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton suna a uwar ɗaka, ko karatun dare a gaban fitila, ya san yadda filasha ke wanke fuska ta bar goshi yana ƙyalli, bango kuma ya cika da inuwa. Da wannan gilashin, launin fatar mutum yana fitowa yadda ido ya san shi.

Sai kuɗin. A nan ne na zauna sosai. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan dala 125, alhali akwai gilasan zum na ƙwararru da ke haura dala 1,500 kuma iyakar buɗewarsu f/2.8. An ce araha ba ta ado, to wannan ta yi. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Gilashin zum yana ɗauke da ƙwayoyin gilashi goma sha wani abu da ke zamewa gaba da baya, kowace tana neman gyaran kuskuren 'yar'uwarta. Wannan ƙwayoyi 6 ne kacal a cikinsa, kuma tsarin jerinsu tsoho ne ƙwarai: jikan ƙirar Planar ne da Paul Rudolph ya fitar wa kamfanin Zeiss na Jamus a 1896. An shafe fiye da shekara 100 ana goge wannan ƙira, ba sauran wani kuɗin bincike da za a ɗora wa mai saye. Nauyinsa gram 160. Kyamarar da a da take ja mini wuya yanzu ina yini da ita a kafaɗa. A zamanin fim ma 50mm ne ake haɗowa da kyamara, kuma da irin wannan tsawon ne Henri Cartier-Bresson na Faransa ya ɗauki akasarin hotunan da suka yi masa suna.

Da na mayar wa dattijon kayansa, na ce gobe zan sayi nawa. Ya ce in dakata, in fara auna ɗakunan da nake aiki a ciki. Wannan shawara ita ce zuciyar zaɓen gaba ɗaya, kuma ita nake so kowa ya ji.

Kyamarori masu araha irin tawa, sensarsu, wato farantin da hoto ke sauka a kai, ta fi ta manyan ƙanƙanta. Cikakkiyar sensa tana da milimita 36 a 24, girman fim ɗin da. Tamu kuwa tsakiyar hoton kawai take kamawa, don haka kowane gilashi yana matsewa a kanta: a Canon ka ninka tsawon da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5. Ke nan 50mm a kan 600D yana gani ne kamar 80mm. Ga fuska, wannan alheri ne, domin yana sa ka ja baya kaɗan, hanci da goshi su zauna daidai. Amma tsaya mita 3 daga bango ka duba: faɗin abin da zai shiga hoton bai wuce mita 1.3 ba. Mutum biyu a zaune, shi ke nan. Kana son mutum a tsaye tun daga hula har takalmi, sai ka juya kyamara a tsaye ka ja baya wajen mita 4. A ɗakin da bai wuce ƙafa 12 a 12 ba, bayanka zai daki bango kafin amarya da ƙawayenta su shiga.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Gilashin zum ɗinka yana da lambobi a jiki: 18, 24, 35, 55. Ka tsayar da shi a kan ɗaya, ka liƙe da salatif, ka yi yawo da shi a haka, a gida, a kasuwa, a wurin biki. Sannan ka koma wata lambar. Za ka ji a jikinka wadda ta dace da idonka. Ka kuma buɗe tsofaffin hotunanka a kwamfuta, domin kowane hoto yana ajiye bayanin tsawon da aka ɗauke shi. Ni da na duba, hotunan da na fi so duk a ƙarshen zum suke, fuskoki ne: tsofaffi, yara, masu sana'a a bakin aiki. Hamsin ɗin nawa ne, ba tantama.

Wanda hotunansa suka taru a wajen 24, Canon tana da EF-S 24mm f/2.8 STM na 2014, siriri ƙwarai, gram 125, wanda ya fito a kan dala 150. Daga mita 3 yana kama faɗin kusan mita 2.8, iyali guda a kan tabarma. Haskensa bai kai na f/1.8 ba, amma ya ninka f/4 sau biyu. Masu Nikon kuwa sun yi sa'a da AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009, da ya fito a kan wajen dala 200, wanda a kan ƙaramar sensa yake gani kamar 52mm. Da Nikon nake riƙe, shi zan fara saya ido rufe: yana shiga ɗaki, yana fita titi.

Masu Nikon, ga wani tarko, ku ji da kyau. Akwai 50mm f/1.8D mai arahar gaske, ana yawan samunsa na hannu. Babu injin saiti a cikinsa, jikin kyamara ne ke juya shi, kuma ƙananan kyamarori irin D3100, D3200, D5100 da 'yan'uwansu ba su da wannan injin. Zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa saita fokas. Mai harafin G, wato AF-S 50mm f/1.8G na 2011, shi ne mai injinsa a ciki. A ɓangaren Canon ma akwai tsohon 50mm f/1.8 II mai gindin roba da ƙarar inji. In bambancin kuɗin kaɗan ne, STM ɗin ya fi, don gindinsa ƙarfe ne, yana matsowa har santimita 35, injinsa kuma ba ya cika bidiyo da ƙara. Akwai kuma na Yongnuo daga Sin, masu rahusa fiye da duka, sai dai a gwada saitinsu sosai kafin a biya.

Da nawa ya zo hannu, na gano yana da halinsa. A f/1.8, daga nisan mita 2, zurfin abin da ke fitowa sarai bai wuce santimita 11 ba. Ido ya fito, kunne ya fara dishi-dishi. Don haka a kan idon da ya fi kusa da kai ake ɗora saiti, kullum. In mutane sun yi sahu biyu a wurin ɗaurin aure, a rufe ƙofar zuwa f/5.6, in ba haka ba na baya za su narke. Tsakar rana a Kano kuma haske ya fi ƙarfin f/1.8, domin saurin kyamarata ya tsaya a kashi ɗaya cikin 4000 na daƙiƙa, farar shadda sai ta ƙone fat, f/2.8 ko f/4 ne maganin, kuma a nan ne ma gilashin ya fi kaifi, har saƙar hula kana ƙirgawa. Ba shi da na'urar hana girgiza, saboda haka ba na sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 in ba dole ba. Lokacin hunturu kuma ba na canja gilashi a waje. In ya zama tilas, sai in kifa bakin kyamara ƙasa in yi sauri, don ƙura ba ta jira.

Na hannu na saya, kuma dattijon ne ya raka ni. Ya cire murafen biyu, ya haska tocilar waya ta baya yana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, in ji shi, kowane gilashi yana da ita. Abin gudu shi ne funfuna, zare-zare fari da ke yaɗuwa a ciki idan gilashi ya sha damina a rufe a jaka, da kuma hazo a jikin ƙwayoyin. Ya sa na ɗaura shi a kan tawa kyamarar, ba ta mai shago ba, na rufe ƙofar zuwa f/16 na danna maɓallin gwaji don mu ga ganyayen ƙofar suna rufewa da buɗewa ba tare da maiƙo ko jinkiri ba. Sannan ya manna takardar jarida a bango, na ɗauka a f/1.8, muka faɗaɗa hoton muka karanta rubutun tsakiya da na kusurwoyi huɗu. Sai da ya ga gefen hagu da na dama sun yi daidai, sannan ya juya ga mai shagon ya ce, "To, Alhaji, nawa za ka rage mana?"