Tsirkiya Biyu da Akushin Gida

Gure gari ne na ƙasar Muniyo, gabas da Damagaram, a bakin babbar hanyar da ta nufi Difa. Damina gajera ce, rairayi na cin gonaki, saurayin da bai sami abin yi a kwarin kanwa da dabino ba yakan hau kabu-kabu ko ya tafi ci-rani. Ta wannan kafa ƙwayar taramol ta shigo. Asalinta maganin ciwo ce, tramadol, wadda likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100, amma ta hannun ƴan tebur takan kai 225. Tana ɓoye gajiya da yunwa na ɗan lokaci, daga baya jiki ya ƙi motsi sai da ita, wata rana ta ka da mai sha yana jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Wani saurayi, ɗan farin wani malamin allo, ya fara shanta ne don ya iya yini a kan babur yana neman kuɗin hatsi. Kafin damina biyu babur ya tafi a biyan bashi, akuyar mahaifiyarsa ta bi baya, iyayen yarinyar da yake nema suka maido da kaya. Mahaifinsa ya daina cin tuwo da shi a akushi ɗaya.

Kawunsa, tsohon malamin lakwal, shi ya kai shi gidan likita, ya kuma kwana da shi a ɗaki ɗaya makonnin da jiki ke neman ƙwaya: zufa, ciwon gaɓoɓi, dare ba barci. A irin waɗannan darare ne ya miƙa masa gurumi, ya kunna masa kasat ɗin Malam Maman Barka, ɗan Tasker da ke arewa da Gure. Barka ma malamin makaranta ne kafin gurumi mai tsirkiya biyu ya fito da sunansa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya je bakin Tafkin Chadi wurin Bukar Tar ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, don kada ya ɓace. Ya rasu a 2018. Abin da kawu yake so yaron ya gani shi ne babban mutum ya durƙusa ya zama ɗalibi.

Gurumi ba magani ba ne, amma ba a yi masa ƙarya. Hannun da ke rawa ba ya danna tsirkiya daidai, kunnen da ya bugu ba ya jin sauti ya kauce. Kowane dare yaron na da awon da ke nuna masa inda ya kwana.

Malam bai so ba, domin a ganinsa kiɗa sana'ar maroƙa ce. Uwar gida ta amsa masa da magana ɗaya: “Malam, gara in ji kiɗansa a zaure da in ji an tsince shi a tasha.” Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ba.

Yaron ya sake zamewa sau ɗaya, bayan wata uku. Ba a kore shi ba, aka koma likita da shi. Ran da ya cika shekara ba ƙwaya, mahaifin ya turo akushi gabansa ya ce, “Kai, wanke hannu.”

A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu ke da aiki. Faɗakarwa a dandali tana da kyau, amma mai fama da ƙwaya yana bukatar likita, da abin da zai cika darensa, da ƙofar da ba a rufe ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.