Banjo, Ɗan'uwan Garaya da Ya Yi Nisa

Masu karatu da yawa ba su taɓa jin sunan banjo ba, balle su gan shi. Kayan kiɗa ne na mutanen Amurka, mai tsirkiya biyar. Cikinsa kewayayye ne kamar faifai, an ɗame fuskarsa kamar ganga, ga kuma dogon wuya. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Gwari, kamar yadda ni na tashi a Damari, in ya ji shi sau ɗaya zai ce, "Ai wannan na gida ne." Gaskiyarsa kuwa.

Ga dalili. Sa'ad da aka yi ta kwasar bayi daga Afirka ta Yamma zuwa ƙetaren teku, ba a bar su sun ɗauki kome ba, sai abin da ke cikin kansu da hannuwansu. Da suka isa tsibiran Karibiyan suka nemi duma suka fafe, suka shimfiɗa masa fata, suka soka sanda, suka ɗaura tsirkiya. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya ga irin wannan a hannun bayi a Jamaika, ya kuwa sa zanensa cikin littafin da ya buga a 1707. Masu bincike na zamaninmu sun bi sawu har gida. Wanda suka fi nunawa shi ne akontin na Jolawa a Gambiya da Sanagal, amma cikin dangin da suke lissaftawa har da gurminmu, gama shi ma ƙwarya ce, sandarsa kuwa ta ratsa ta ta fita ɗaya gefen, kamar banjo na farko. Daga baya, cikin ƙarni na 19, Turawan Amurka suka karɓe shi, aka shiga ƙera shi da katako da ƙarfe, har jikokin waɗanda suka kai shi suka kusa manta nasu ne.

Inda banjo ya fi yin suna yanzu shi ne cikin kiɗan da ake kira bulugiras. Wani mawaƙi ne, Bill Monroe, mutumin Jihar Kentaki, ya sa wa ƙungiyarsa sunan wata ciyawa ta jiharsu, sunan kuwa ya bi kiɗan. Ba ganga a ciki ko ɗaya. Banjo ne, da gita, da mandolin, da goge irin na Turawa, da wani ƙaton goge da ake tsai da shi a ƙasa. Sauri ke gare shi sai ka ce ana korar makaɗan.

Ni dai a Zariya na fara sauraronsa da kyau, a wayar ɗan ƙanwata, yaro mai son gita. Shi ne ya nuna mini cewa masu kaɗa banjo na bulugiras hannu uku ne, kowane hannu kuwa da sunan mutumin da ya fito da shi. Na ce masa ya rabu da ni da sunaye, ya kunna mini in ji. Kunnen da ya sha garaya tun yana goye ba ya bukatar a karanta masa.

Hannu na fari na Earl Scruggs ne, wanda aka haifa a Karolina ta Arewa a 1924, ya rasu a 2012. A ƙarshen 1945 ya shiga ƙungiyar Monroe yana ɗan shekara 21, daga ran nan kuwa kiɗan ya sāke. Yatsa uku yake aiki da su: babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, kowanne an sa masa farcen aro, na ƙarfe a biyu, na roba a babban. Yatsun nan suna bin juna bi da bi, suna kewayawa, ba tsayawa, kamar mata uku a turmi ɗaya suna lugude. Waƙar tana nan cikin luguden, amma ba kowace gaɓarta za ka ji ba. Sai ya zaɓi manyan gaɓoɓi ya danna su da ƙarfi, saura ya cika da zubar sauti. Ga kuma wata gajeriyar tsirkiya a sama, ta biyar, wadda ba ta kai ƙarshen wuya ba. Muryarta ɗaya ce tak, babban yatsa yana komawa kanta a kai a kai, tana ta ƙyal-ƙyal a kan kome. Kiɗansa da ya fi shahara, Foggy Mountain Breakdown, a 1949 ya ɗauke shi a faifai.

Da na ji wannan sai na ga kaina a ƙofar gidan kawuna. Maharbi ne, cikin waɗanda suke shiga dajin nan namu su yi kwana da kwanaki. In rani ya yi, an gama girbi, maharba za su fita, sai makaɗinsu ya zo da garaya da dare. Tsirkiya biyu ce kurum, ɗaya mai kaurin murya, ɗaya siririya, a kan ɗan akushin itace da aka rufe da fatar gada. A bakin sandar akwai wani ɗan ƙarfe mai zobba wanda ke karkarwa duk sa'ad da aka taɓa tsirkiya. Da wani ɗan guntun fata mai tauri yake kaɗawa, yaronsa na gefe yana girgiza caki. Hannunsa na dama ba ya hutawa. Abu ɗaya yake ta maimaitawa, yana juya shi, har ka ce ai ba abin da ke sākewa. Can sai ka ga wani maharbi ya zabura ya miƙe, jikinsa na tsuma, yana kirari. Me ya faru? An kaɗa takensa. Mu yara ba mu ji inda taken ya shiga ba, amma mai shi ya ji, gama yana nan a ɓoye cikin luguden, daidai yadda Scruggs yake ɓoye waƙarsa.

Kawuna mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ba ya yi wa tsawa. Amma na ga ran da aka kaɗa masa takensa ya tashi ya yi alkawarin gwanki a gaban jama'a, ya kuwa yi kwana tara a daji kafin ya cika. Matarsa ta ce da makaɗin nan zai yi shiru da mijinta ya fi zama a gida. Ba ta yi ƙarya ba.

Hannu na biyu na Don Reno ne, wanda ya gaji Scruggs a wurin Monroe a 1948, ya rasu a 1984. Shi ma ya iya luguden yatsa uku sarai, amma abin da aka san shi da shi dabam ne. Yakan tsaya a kan tsirkiya ɗaya, babban yatsa ya buga ƙasa, manuni ya ɗauko sama, da sauri, sautin yana fita ɗaya ɗaya a tsinke, kamar kaza na tsattsagar dawa a tire. Ban sha wuyar gane wannan ba. Wane Bahaushe ne bai san abin da tsirkiya ɗaya za ta iya ba, bayan Ɗan Maraya Jos? Kuntiginsa ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya guda, amma da shi ya yi wa karen mota waƙa har duniya ta ji. Mai tsirkiya ɗaya ba shi da inda zai ɓuya. In ya yi tuntuɓe kowa ya ji.

Na uku shi ne ya ba ni aiki. Bill Keith mutumin birni ne, haifaffen Boston, mai ilimin makaranta, ya yi kiɗa tare da Monroe a 1963. Abin da ya dame shi shi ne, in mai goge ya ja waƙa, mai banjo ba ya iya bin ta gaɓa da gaɓa, sai dai ya kwatanta. Sai ya nemi dabara, wani makaɗi kuma mai suna Bobby Thompson ya bi ta irin wannan hanya. Kowace gaɓar waƙa sai a ɗauko ta daga wata tsirkiya dabam, ba a taɓa tsirkiya ɗaya sau biyu a jere, ta haka sautin farko bai mutu ba na biyu ya shigo. In kana ji sai ka ce ruwa ne ke gangarowa daga dutse. Ba abin da ya ɓace cikin waƙar. Keith ya rasu a 2015, shekarar da Ɗan Maraya ya rasu.

Yaron nan wannan hannu ya fi so, ya ce shi ne na masu kai. Ban musa gwanintar ba, lalle akwai ta. Amma na nemi ɗan'uwansa a cikin kiɗan gida na rasa. Da tsirkiya biyu ba ka da inda za ka yi ta tsallake-tsallake haka. Har wa yau kuma, na saurara na saurara, ƙafata ba ta motsa ba. Kiɗa ne na a zauna a yaba. Da kawuna na da rai aka kaɗa masa wannan, da ya ce madalla, ya ci gaba da gyaran kibansa. A wurina Scruggs ne gaba, domin shi ne ya bar wa kiɗan ƙashin bayansa. Reno na biye, saboda ƙarfin zuciya. Na sani wani zai ce ai tsufa ne ke magana. To, ya faɗa.

Akwai wani tsohon hannu wanda ya riga waɗannan uku, ba na bulugiras ba ne, mutanen ƙauyukan duwatsu ne suka riƙe shi. Ba a sa farcen aro. Da bayan farcen yatsa ɗaya ake dukan tsirkiya ƙasa, babban yatsa ya faɗa kan gajeriyar. Haka nan Jolawa suke kaɗa akontin har yau, shi ya sa masu bincike suke cewa shi ne hannun da ya haye teku.

Amma akwai abin da banjo ya rasa a hanya. Garaya magana take yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, saboda haka tsirkiya takan iya kiran sunan mutum, ta ambaci ubansa, ta tuna masa da ɓaunar da ya kayar. Banjo kuwa, kome zaƙinsa, ba ya kiran kowa. Watakila wannan ne ya sa dattawanmu na ikilisiya suka daɗe suna ɗari-ɗari da garaya, ko da yake sunanta da na molo suna nan cikin Zabura ta Hausa. Sun san ita ce kuma 'yan bori suke kiran iskoki da ita, abin da ke iya kira kuwa ba a wasa da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba gardamar wane ya fi wane ba ne. Mutanen nan uku duk sun mutu, amma hannuwansu suna nan. A 1968 Scruggs ya fitar da littafin koyon banjo, Keith kuwa yana cikin waɗanda suka taimaka wajen rubuta kiɗan, yatsa da yatsa, tsirkiya da tsirkiya. Yau yaro a Zariya wanda bai taɓa ganin Amurka ba yana iya gaya maka wannan hannun wane ne. Mu fa? A Damari kaɗai na san makaɗan garaya uku tun ina yaro, kowanne da hannunsa. Ɗaya mai nauyi ne, yana zama a kan tsirkiya mai kauri. Ɗaya mai gaggawa ne, yana son siririyar. Na ukun kuwa yakan yi shiru a tsakiyar kiɗa, ya bar caki kaɗai, sa'an nan ya faɗo da take kamar shaho. Ko cikin duhu mutanen gari sun san wa ke kaɗawa. Biyu sun rasu, ba wanda ya rubuta kome, ba wanda ya ɗauki muryarsu. Turawa biyu, David Ames da Anthony King, sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da lokatan kaɗa su cikin wani littafi a 1971. Aiki ne mai kyau, amma sunan garaya dabam, hannun mai kaɗa ta dabam.

Garayar maharba kuwa ba ta rayuwa in ba daji. Tun 1999, da aka mai da dajin Kamuku gandun ƙasa, aka hana farauta a cikinsa, wannan kuwa da hujja, gama namun sun yi ƙaranci. Amma ba doka ce ta kashe fitar maharba ba. Masu bindiga ne suka zauna a dazuzzukan Birnin Gwari shekara da shekaru, har manomi ma bai iya zuwa gonarsa ba, balle maharbi ya kwana a gindin itace. Da daminar 2022 abin ya kai ga mutanen Damari da yawa suka bar gari, da masara a tsaye cikin gonaki. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da waɗansunsu, aka sāke buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Kasuwa takan buɗe rana ɗaya. Amma matasan da ya kamata a ce sun gaji takensu daga iyayensu sun girma ba su taɓa jin an kaɗa shi ba.

Makaɗi na ukun yana da rai. Yana zaune wurin 'yarsa a wata unguwa a bayan Zariya, ido ya yi rauni, hannu kuwa da sauransa. Na kai masa yaron, na ce ya ɗauke shi da wayar nan tasa, amma kada ya ɓata lokaci a kan fuska, ya sa ta daidai kan hannun dama, ya kuma tambaye shi kowane take na wane ne. Sun yi zama huɗu, an sami take goma sha ɗaya. A na sha biyu tsohon ya kaɗa har ƙarshe, amma sunan mai shi ya ƙi zuwa.

Fatar garayarsa ta yage a hanyar gudu. Ya nemi ta gada bai samu ba, gama ba mai kawowa, sai ya ɗaura ta akuya. Ni ban ji bambanci ba. Shi kuwa kowane take ya gama sai ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya ce wa yaron ya rubuta a gefe cewa ba haka muryarta take ba.