Allon Zayyana a Bangon Falo



Makon jiya na raka Maigida, dattijon da nake yi wa magatakarda shekara da shekaru, walimar tarewa a sabon gidan wani ɗanmu na zango da Allah Ya buɗa wa, a unguwar East Legon ta birnin Accra. Gida ne irin na yayi: babu zaure, daga ƙofa sai ƙaton falo mai dogon rufi da fararen bangaye. Mai zanen ginin ya tsara shi ne don a zauna a kuma yi kallo. An huda taguna marasa ɓullewa a jikin bango, kowace da ƙaramar fitila a samanta, an jera tasoshin tagulla, da faifai, da akushi, da sirdin doki.

Matasan da ke wurin suna ta cewa wannan dabarar Turawa ce. Ni kuwa sai na tuna ɗakin mahaifiyata a Aboabo ta Kumasi, inda jeren kwanoni da fanteka ya tashi daga ƙasa har kusa da rufi. Na tuna gidajen Birni a Damagaram da na cikin ganuwar Zariya, inda magina ke zana dagi a fuskar gida, su ɗora zankwaye a kan soro. Ai tun kaka da kakanni Bahaushe ke kwana cikin adonsa.

Muna cikin zagayawa sai Maigida ya ja ya tsaya. Can gefen talabijin, daidai ƙugun mutum, an rataye allon zayyana. Na saukar marigayi mahaifin mai gidan ne. Jan tawada da ɗorawa sun ɗan dushe, amma Fatiha da farkon Baƙara suna nan raɗau. Kiɗa na tashi, yara na ta gogar allon da hannun maiƙo.

Maigida bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, tasa da akushi ado ne, ajiye su inda ka so. Wannan kuwa shekarun da babanka ya yi a gaban malam ne. Ɗaga shi sama." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni, ban lura ba." Kafin la'asar an mayar da allon ɗakin sallah, sama da kai.

A mota na so in yi ta zargin 'yan zamani, sai zuciyata ta tambaye ni: ina nawa allon? Da na koma Kumasi na laluba bayan adaka na zaro shi. Gara ta cinye gefe guda, har ta taɓa rubutun. Shi da na raina wa ladabi ya adana na ubansa shekara talatin. Ni da na san hukunci na bar nawa a ƙura.

Don haka ga shawarata ga mai shirin gini. A yi falon, a kunna fitilun, a fito da kayan iyaye kowa ya gani. Amma tun ana zanen gida a zauna da mai zane, a faɗa masa wane abu ne na kallo, wane ne kuma sai da alwala ake taɓawa.

Nawa allon yanzu yana wurin kafinta. Allah Ya jiƙan malamanmu.