WANE NE GWANIN GWANAYE A DAMBEN TURAWA?

In aka tara ɗalibai goma na makarantar nan aka tambaye su wane ɗan dambe ne ba a taɓa yin kamarsa ba a duniya, tara za su ce Muhammad Ali, na goman kuwa ya ce Mike Tyson. In ka nemi dalili, sai su ce ai babu mai iya tsayawa a gabansu. To, jama'a, wannan magana da gyara. In wanda zai buge kowa ake nema, me ya kawo gardama? Sai a nemo ƙaton da ya fi nauyi a miƙa masa kambu. Abin da ni nake tambaya shi ne, wa ya fi iya damben?

Kawuna mahauci ne, ya kuwa taɓa dambe da ƙuruciyarsa. Yakan ce a zamaninsu ba a san sikeli ba a fage. In kalangu ya kira ka, duk wanda ya fito shi ne naka, ko da ya ninka ka biyu. Su Turawa ba haka suka tsara nasu ba. Sun raba 'yan dambe aji-aji bisa ga nauyi, ana aza mutum a sikeli kafin wasa sai ka ce buhun gyaɗa. Da can aji takwas ne, tun daga masu laba 112 har zuwa manyan ƙarti, amma yanzu sun kai 17. Watau mai laba 126 ba zai taɓa gamuwa da irin su Ali ba. Saboda haka sai masana suka ce a ƙaddara dukansu nauyinsu ɗaya ne, sa'an nan a duba gwaninta.

Ni dai ma'aunina abu biyu ne: yawan shiga fage, da kuma barin ajinka ka hau sama neman wanda ya fi ka jiki. Na san abokaina za su ce don ni ɗan firit ne shi ya sa nake goyon bayan ƙanana. Su faɗi, amma su saurari hujja tukuna.

A wurina Sugar Ray Robinson na Amurka shi ne kan gaba. Daga 1940 zuwa 1965 ya yi dambe wajen sau 200. Wanda ya fara cinye shi shi ne Jake LaMotta, a 1943, shi kuwa LaMotta ya fi shi da laba 16. Bayan mako uku kacal suka sake karawa, Robinson ya rama. Daga nan sai da ya yi wasa 91 a jere ba wanda ya ci shi, har 1951. Ya riƙe kambun masu laba 147, ya hau ajin 160 ya ci kambu har sau biyar. Bai tsaya nan ba. A 1952 ya nemi Joey Maxim, zakaran masu laba 175, a birnin New York, a wani dare mai tsananin zafi, har alƙalin wasa kansa ya kasa aka sake wani. Robinson ne ke gaba da maki nesa ba kusa ba, amma da aka gama turmi na 13 sai jiki ya ƙi, ya kasa tashi daga kujerarsa. A duk tsawon shekara 25 ɗin nan, wannan kaɗai ne wasan da aka ci shi ba a kai ƙarshe ba. Ali da kansa, wanda ba ya yabon kowa sai kansa, ya sha faɗin cewa Robinson ne gwaninsa.

Mai bi masa shi ne wani wanda na tabbata da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, watau Henry Armstrong. Mai karatu, dubi wannan abin mamaki. A shekarar 1937 kaɗai ya yi dambe 27, ya ci duka, 26 daga ciki ba a kai ƙarshe ba. A watan Oktoba na shekarar ya karɓe kambun masu laba 126. A watan Mayu 1938 ya tsallake aji guda, ya je ya ƙwace na masu laba 147 daga hannun Barney Ross, alhali shi kansa bai cika laba 135 ba. A watan Agusta kuma ya juyo ya ɗauke na ajin da ya tsallake. Kambu uku ke nan a hannun mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a zamanin da duka-duka takwas ne a duniya. Wani lokaci har nakan rasa dalilin da ya sa ban sa shi gaban Robinson ba, sai in tuna cewa tasa wutar ba ta daɗe tana ci ba kamar ta wancan.

Sai na uku, Ali. Kada masoyansa su yi fushi. Babban ƙato ba shi da ajin da zai hau, sai dai a auna shi da waɗanda ya kara da su, nan kuwa ba wanda ya kai shi. Ya kawar da Sonny Liston a 1964. An ƙwace kambunsa a 1967 don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya yi fiye da shekara uku ba ya wasa, a daidai lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa. Da ya komo, yana da shekara 32, ya buge George Foreman a turmi na 8 a Kinshasa a 1974, shi kuwa Foreman dambe 40 ya yi kafin nan ba a taɓa cinsa ba. Amma duk damben Ali 61 ne, bai kai sulusin na Robinson ba.

Masu son na baya-bayan nan za su kawo Floyd Mayweather, wai ya yi 50 ba a ci shi ba. Gwani ne, ban musa ba. Sai dai abin da ya yi cikin shekara 21, Armstrong ya yi fiye da rabinsa cikin wata 12. Manny Pacquiao na Filifin ya fi burge ni, don shi ya ci kambun duniyarsa na farko a ajin laba 112 ya yi ta hawa har ya ci kambu a aji takwas, ko da yake azuzuwan zamaninsa sun fi matsuwa da juna.

Da wannan ma'auni namu na gida ma ba a baya yake ba. Dick Tiger ya ci kambun duniya na masu laba 160 a 1962 daga hannun Gene Fullmer, ya kuma sake lallasa shi a Ibadan a 1963 a gaban 'yan ƙasarsa. A 1966, yana da shekara 37, ya hau ajin 175 ya karɓe kambu daga José Torres. Bob Foster, wani dogo da ya fi shi tsawo da wajen inci bakwai, shi ya raba shi da kambun a 1968 da naushi guda na hagu a turmi na 4. In da ni ke rubuta sunaye ashirin na farko, Tiger yana ciki, wanda bai yarda ba kuwa ya kawo nasa a fitowa ta gaba.