Asibitin Charité Na Barlin, Inda Ake Tambayar Jini Labarin Zuciya

Baƙon da ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Barlin, hedkwatar Jamus, da ya yi 'yar tafiya kaɗan zai tarar da jajayen gine-ginen bulo kusa da kogin Spree. Nan ne asibitin Charité, wanda Sarki Friedrich na Ɗaya ya sa aka gina a 1710 saboda tsoron annoba. Allah da ikonsa annobar ba ta shigo birnin ba, sai gidan ya zama mafakar gajiyayyu, daga bisani ya zama makarantar likitoci.

A nan ne Rudolf Virchow, a tsakiyar ƙarni na 19, ya bayyana yadda gudan jini kan ɓalle ya bi magudana ya toshe wata jijiya can nesa. Gunkinsa na nan a dandalin da ke bakin asibitin.

Magadansa sun ɗora. Sun bi diddigin mutanen da suka yi ciwon shanyewar ɓarin jiki karon farko har shekara 3, suka ba da rahoto a 2021 cewa waɗanda sinadarin turofonin ya hau a jininsu sun fi fuskantar dawowar ciwon, ko bugun zuciya, ko mutuwa. Shi wannan sinadari yakan zubo cikin jini ne idan naman zuciya ya ji rauni.

Awon ba duba ba ne. Amfaninsa shi ne nuna wa likita majiyyacin da ya kamata a binciki zuciyarsa sosai kafin a sallame shi, domin wanda ya tashi daga faɗuwar farko, ta biyu ake yi masa gudu.